Jirgin Tudu a Kudai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, tun da Allah Ya dawo da ni Haɗeja daga Umra, ban zauna a zauren karatu ba face wani ya ce, "Malam, yaya aka baro Makka?" Idan na amsa a taƙaice, sai wani ya gyara murya ya ce ya ji ana cewa an gan ni a ɗakin 'yan motsa jiki da rawanina da carbina, ko gaskiya ne? Gaskiya ne. Sai dai labari idan ya fita rabi da rabi yakan komo da ƙahoni, saboda haka na ga ya fi dacewa in tsara shi daga tushensa, wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai samu iko ba.

Da yawanku kun san ina da yaya a Makka, Yaya Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ƙaramar yarinya mahaifinmu ya tafi aikin Hajji ta ƙasa tare da ƙanwarsa, wadda ita ke riƙon Yaya. Suka bi ta Barno da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya a jirgin katako. Mahaifinmu ya komo gida, daga baya aka haife ni. Gwaggo kuwa ta zauna, Yaya ta girma a hannunta, ta yi aure a can, ta hayayyafa. Yanzu mijinta ya rasu, tsufa ya kama ta, ganinta ya yi rauni ƙwarai. Ita ce ta kira ni a waya ta ce, "Malam, ka zo ka yi Umra, ka kuma duba mini 'ya'yanka. Siraju da Azzuz sun daina sa hannu a faranti ɗaya." Na ce me ya haɗa su? Ta ce, "Tuƙi." Ba ta ƙara wani bayani ba.

Siraju shi ne babban ɗanta, yana da kantin darduma da carbi a Misfala. Azzuz kuwa, wato Abdul'aziz, shi ne auta, direban bas ne mai ɗaukar mahajjata daga tashar Kudai. Da na ji an ce tuƙi, ban yi shakkar cewa rigimar mota ce ba. Na ɗauko littattafaina na sake bin babin tarayya da na jinga da na lamuni, har da mas'alar wanda aka ba aron dabba ta mutu a hannunsa, don in yi ƙiyasi a kanta. Da wannan guzurin na bar gida.

Hanyar Haɗeja zuwa Kano kun san ta, ba sai na faɗa ba. A filin jirgi muka ɗaura haramai tun a ƙasa, muka bar niyya sai an zo daidai miƙati. Allah Ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo mai sayar da fata, mutumin Gumel, wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ba mu daɗe da tashi ba ya taɓa ni ya ce, "Malam, mun zo miƙatin?" Na ce da saura, ko Chadi ba mu wuce ba. Haka ya riƙa tambaya, ni kuma ina ba shi haƙuri, har aka sanar, muka yi niyya muka ɗaga murya da talbiyya. Sai sanyin jirgin ya dame shi, ya ja bargo ya lulluɓe har kansa. Na janye masa a hankali, na tuna masa mai harami ba ya rufe kai. Ya ce, "To Malam, kunnuwan ma?" Na ce ya yi haƙuri, zafin Makka na nan gaba zai rama masa.

A Jidda, wurin shige da fice, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa. Na ɗora, na ɗage, na sake ɗorawa. Layi ya taru a bayana. Jami'in yana ta yi mini Larabci, ina mayar masa da nawa Larabcin na littafi, wanda na lura yana sa su murmushi kamar sun ga mutum ya fito daga cikin tarihi. Can sai ya duba hagu da dama, ya sunkuyo ya ce da ni da Hausa, "Baba, shafa yatsan a goshinka, ya bushe ne." Na shafa, na'ura ta karɓa. Na ce, "Ɗan wane gari?" Ya ce kakarsa takan ce su Katsinawa ne, amma shi bai taɓa zuwa ba. Ya buga mini hatimi, ya ce in sa shi a addu'a.

Siraju ne ya tarbe ni. A can gida Haɗeja, idan ɗan 'yar'uwa ya gan ni sai ya durƙusa. Shi kuwa ya kama kaina da hannu biyu ya sumbace shi, wanda shi ne girmamawarsu. Hausarsa irin ta tsofaffin da na tarar ina yaro ce, da kalmomin da mu mun daɗe da yar da su, sai dai kowace jimla tana ɗauke da Larabci kamar shinkafa da wake. A mota na so in buɗe maganar. Ya ce, "Kawu, kana cikin harami, kuma babu jayayya a cikinsa. Khalas, shi ke nan, sai ka huta." Na ji daɗin wannan ladabi, muka ci gaba da talbiyya.

Ba zan siffanta muku ganin Ɗakin Allah ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah Ya kai shi.

Masaukina gidan Yaya ne a Misfala, tsohuwar unguwa ce a kudancin Harami, lunguna a matse, hawa da gangara, mahajjata na ta wucewa da ƙafa kamar ranar kasuwa. Da na shiga ɗakinta ta ce in matso, ta shafa fuskata da tafin hannunta, ta tsaya a gemu, ta ce, "Gemun Baba ne wannan." Muka yi kuka kaɗan, sannan ta fara faɗan cewa na rame.

Abincinsu na safe wake ne da aka dama da mai, suna kiransa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake kira tamis. Ya karɓe ni. Tsirenmu ma yana can, Larabawa na cinsa suna kiransa siriya, da yawansu ba su san daga bakinmu suka ɗauki sunan ba. Abin da ya ba ni wuya shi ne gahawa. Sukan zuba ta ɗan kaɗan a gindin ƙaramin finjali, da ka shanye a ƙara. Ni kuwa a tarbiyyarmu ba a mayar da hannun mai kyauta, sai na yi ta karɓa har zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu. Yaya ta ji ƙarar buta ta ƙi ƙarewa, ta ce, "Ku ce wa Malam ya girgiza finjalin mana, za ku kashe mini ƙane!" Ashe girgizawar ita ce "na ƙoshi".

Ranar Juma'a, bayan an sauko, 'ya'ya da jikoki suka taru kamar yadda suka saba. A nan na ga abin da aka kira ni dominsa. Aka shimfiɗa leda, aka kawo shinkafa da nama faranti biyu, alhali ɗaya ya ishi mazan da ke wurin. Siraju ya zauna a wannan, wani siririn mutum ya zauna a wancan. Sai da ya zo ya sumbaci kaina na gane Azzuz ne. A da na san shi da jiki, har wuyansa ba ya juyuwa sosai. Yanzu ga shi kamar an feƙe shi, tafin hannunsa duk kanta kamar na manomi a ƙarshen damina. Yaya ba ta gani, amma tana jin inda muryoyi ke fitowa. Ta ɗan taɓa abincin ta ture.

Washegari Azzuz ya ɗauke ni zuwa gidansa a Kudai, unguwar tashar motoci da gidajen haya. A hanya na ce, "To, motar ta waye a cikinku?" Ya ce wace mota? Na ce wadda ake rigimar tuƙinta. Ya yi dariya har sai da ya rage gudu, ya ce, "Ya Kawu, ba tuƙin mota ba ne. Tuƙin jirgin ruwa ne." Na dubi duwatsun Makka ta taga, ƙasar da Alƙur'ani ya kira kwari marar shuka, na ce a raina yaron nan ko zafi ya taɓa shi.

Ya shigar da ni wani ƙaramin ɗaki. A tsakiyarsa akwai dogon ƙarfe a kwance, da 'yar kujera mai zamewa a kansa gaba da baya, da wurin ɗaure ƙafafu. A goshinsa akwai wani abu kamar fanka a cikin keji, sarƙa ta fito daga ciki da mariƙi a bakinta, sama kuma ɗan allo kamar tafin hannu. Ya hau ya ɗaure ƙafa, ya tokare, ya ja mariƙin zuwa ƙirjinsa. Fankar ta yi huci, lambobi suka fara gudu a allon. Ya ce allon yana lissafa nisan da jirgi zai ci a kan ruwa da irin wannan ƙarfin. Su suna kiran abin jihaz. Ni da na tashi a bakin kogi ina ganin masunta da filafili da gora, sai na sa masa jirgin tudu, sunan kuma ya bi shi a gidan.

Ya ba ni labari. Zaman bas ya tara masa ƙiba, ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ko ya motsa ko ya shirya. Gwiwoyinsa ba su ɗaukar gudu, sai aka nuna masa wannan a wani ɗakin motsa jiki da suke kira nadi. Ranar farko bai kai tsawon karatun Yasin ba ya sauka yana haki. Ya sayi nasa, ya lazimce shi kullum bayan asuba, yana ƙarawa kaɗan kaɗan. Ya koyi cewa ƙafa ce ke tuƙi, hannu rakiya yake yi. Ya koyi cin dabino da kurɓar ruwa ba tare da ya saki mariƙi ba. Hannunsa ya yi bororo ya fashe ya warke. Har wata rana ya ƙudura yin abin da masu wannan fanni ke ɗauka babban mataki, wato kilomita ɗari a yini guda. Ya ce ya yi. Ya fara da hantsi, ya gama gab da magariba.

"To ina matsalar?" na ce.

Ya ce, "Allon nan, Kawu, idan ka daina ja na ɗan lokaci, mutuwa yake yi, lissafi ya koma sifili. Ni kuma na sauka masallaci azahar, na sauka la'asar. Sai ɗarina ta fito gida uku. Na ɗauki hoton kowanne na kai nadi, suka ce ba a karɓa, sai lamba ɗaya a jere. Wannan bai dame ni sosai ba. Amma ranar Juma'a ina ba Ummi labari, ina murna, Yaya Siraju ya tsame hannu daga faranti ya ce, 'Ƙarya kake.' A gaban 'ya'yana, Kawu. A gaban matata." Ya sunkuyar da kai. "Ka gaya masa gaskiya nake faɗa. Kai zai ji maganarka."

Na ce, "Ɗana, zuciyata ta gaskata ka. Amma gaskatawa daban, shaida daban. Malamai ba su yarda mutum ya yi shaida ba sai a kan abin da ya gani kamar yadda yake ganin rana. Ni kuwa ina Haɗeja a ranar." Na ga maganar ta yi masa nauyi, ni ma ta yi mini, amma babu yadda zan yi da ita.

Na sami Siraju a kantinsa yana jera darduma. Na ce me ya kai shi jifan ƙanensa da wannan kalma? Ya sallami mai ciniki, ya ja mini kujera, ya ce, "Kawu, tun kafin ranar na ji yana shirin abin, na tambayi masu shi. Suka ce ɗari ta gaskiya ba a yanke ta. To mutum ya ce mini daga hantsi zuwa magariba yana kan ƙarfe. Idan bai yanke ba, ina ya kai azahar da la'asar? Idan ya yanke, bai yi ɗari ba. Ɗayan biyu ne. Ni kuwa, wallahil azim, gara in ce ƙanena ya yi ƙarya da in ce ya bar salla a garin Makka."

Na ce, "Ka tambaye shi?"

Ya ce, "Na ji tsoron amsar."

Na gaya masa ya yi sallolinsa duka biyu a jam'i, shi ya sa lissafin ya rabu uku. Ya ce alhamdu lillahi har sau biyu. Sannan halin babban wa ya dawo masa, ya ce, "To ai ka ji, guntu uku. Wa ya ga tsakaninsu? Azzuz fa tun yana yaro idan ya kama fara sai ya ce shaho ne. Kai ka gani, Kawu?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Tayyib," wato to, ka gani.

Daga nan ne na nemi a kai ni nadin, domin ba a yanke hukunci a kan fanni sai an ji ta bakin ma'abotansa. Wannan ita ce shigar da aka ba ku labari. Na tarar da samari cikin gajerun wanduna suna ja suna huci, na runtse ido gwargwadon iko. Mai koyar da su, wanda kowa ke kira Kaftin, mutum ne mai fara'a, ya taɓa zama a gaban malamai. Ya ce ba ƙiyayya ba ce. An sha kawo musu da'awa, wani su biyu suke karɓa-karɓa, wani ya haɗa aikin kwana uku ya ce na yini ne, shi ya sa suka tsananta. Ya ce, "Ya Shaikh, a yarenku, ruwayar Azzuz yankakkiya ce, mu kuma sai mai isnadi a haɗe." Na yi dariya, domin ya buge ni da sandata. Na ce sharaɗinsu yana da fuska, kowane fanni da ƙa'idar mutanensa. Ya ce ai ya ba Azzuz dabara: idan zai tafi salla, wani ya riƙa ɗan jan mariƙin don kada allon ya mutu. Azzuz ya ƙi, wai taku ɗaya na wani ba zai shiga tafiyarsa ba.

Bayan kwana biyu Azzuz ya kai ni Arfa ziyara. Wanda ya san ta ranar tsayuwa kawai ba zai gane ta ba: fili fetal, bishiyoyin darbejiya a jere, babu kowa sai masu shara da 'yan ziyara ɗaiɗai. Ya nuna mini inda yakan ajiye bas lokacin aikin Hajji. Muka zauna a inuwa, ya ce zai sake yin ɗarin a gabana, in gani da idona. Sannan ya yi ɗan murmushi ya ce yana da fatawa. "Kawu, nisan ƙasaru nawa ne?" Na ce baridi huɗu, wato mil arba'in da takwas. Ya ce, "To ɗarina ta wuce haka, ta ma wuce Jidda. Ashe ni matafiyi ne. Ba zan haɗa azahar da la'asar in jinkirta su ba, in gama a jere, in huta da bakin mutane?"

Rabin maganar wasa ne, rabinta kuwa ba wasa ba ne, na gani a idonsa. Na ce, "Matafiyi ba ya fara ƙasaru sai ya wuce gidajen garinsa. Kai ko labulen ɗakinka ba ka wucewa. Mazaunin gida ne kai, ko da allon ya ce ka isa Misira." Na ƙara masa da cewa akwai fuskar da mutum zai kai azahar ƙarshen lokacinta ya sallaci la'asar a farkon nata, amma zai rasa jam'i da falalar farkon lokaci, kuma tsayawa ɗaya ma ta isa ta kashe allon. Ya ce, "Na sani, Kawu. So nake in ji daga bakinka." Na sharɗanta masa ya nemi izinin likitansa, ya nema, aka ba shi. Siraju kuma na aika masa cewa rana kaza ina Kudai, ƙofa a buɗe take.

Da ranar ta zo, Yaya ta ce sai an tafi da ita. Aka shimfiɗa mata darduma a kusurwar ɗakin, ni aka ba ni kujera kusa da allon. Azzuz ya yi bisimilla ya kama. Ban taɓa zaton kallon mutum yana tafiya ba ya gusawa zai riƙe ni ba, amma ya riƙe ni. Ya tokare, ya ja, ya komo. Fanka ta yi huci ta lafa, ta yi huci ta lafa. Na tarar carbina ya bi wannan kai da komo da kansa. Gumi ya jiƙa tawul ɗin da aka shimfiɗa a ƙasa, matarsa tana miƙo ruwa da dabino daga bakin ƙofa. Yaya ta karkata kai tana saurare.

Aka kira azahar. Ya saki mariƙin, na karanta lambar da ƙarfi, na riƙe ta a ka. Wanda ya riƙe izu sittin ba zai gaza riƙe lamba uku ba. Ya watsa ruwa ya sauya tufa, muka sauka masallacin unguwa. Da muka komo allon ya yi baƙi. Ya taɓa shi, sifili ya fito, ya yi bisimilla ya sake kamawa.

Wannan zangon ya fi tsanani. Bayansa ya fara ciwo, fuskarsa ta yamutse, wani lokaci yakan ja da ido a rufe. Muna cikin haka aka turo ƙofa, sai ga Siraju, wai ya zo kawo wa Ummi maganinta. Ya ba ta maganin, bai fita ba. Ya tsaya jikin bango hannu a harɗe. Can ya ce, "Haka ake tuƙin? Ko tuwo aka ba ka ai da ya yi gudaji." Azzuz ya ci gaba da ja yana haki. Da aka jima sai na ga Siraju ya tsuguna, ya ɗauki gorar ruwa, ya kai bakin ƙanensa daidai lokacin da kujerar ta komo gaba, yana cewa, "A hankali, ya walad, a hankali, yaro."

Aka kira la'asar. Azzuz ya saki mariƙin, ya kasa kwance ƙafarsa sai da wansa ya kwance masa. Na karanta lambar. Siraju ya dubi allon, ya dubi ƙanensa da ke dafe da bango, sai na ga ya miƙa hannu ya kama mariƙin. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Je ka yi wanka, zan ɗan riƙa taɓa maka shi kada ya mutu. Wahalar nan ta yi yawa a ce ta tafi a banza."

Azzuz ya juyo ya ce, "Sake shi, Yaya. Bar shi ya mutu. Zo mu tafi, za a tayar da iƙama."

Siraju ya tsaya da mariƙin a hannu kamar wanda aka kama da abin da ba nasa ba. Ya ajiye shi a hankali. Muna tsaye mu uku allon ya dushe ya yi baƙi. A matakala na ji Siraju yana share hanci, ya ce ƙurar Kudai ce. A sahu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ni ina gefensu.

Zangon ƙarshe Siraju ne ya karɓe lissafi daga hannuna, ba don na gaza ba, sai don ya kasa zama. Yana tsaye a kan allon yana faɗin abin da ya rage, yana yi wa ƙanensa tsawa da Larabci, yana lallashinsa da Hausa. Rana ta yi ja a kan duwatsu lokacin da lambar ta cika abin da ake nema. Azzuz ya zame daga kujerar ya kwanta a ƙasa. Na haɗa lambobin uku a fili, suka ba da ɗari da ɗan ɗoriya, sannan na ce, "Na shaida, shaidar ganin ido, cewa Abdul'aziz ya tuƙa wannan nisa shi kaɗai a yini ɗaya, bai bar salla ba." Siraju ya ce, "Shaidu biyu ake so, Kawu. Ni ne na biyu." Ya durƙusa, shi babba, ya sumbaci kan ƙanensa jiƙe da gumi, ya roƙe shi ya yafe masa kalmar da ya faɗa, ya ce kuma ranar Juma'a zai janye ta a inda ya faɗe ta.

Azzuz yana kwance ya ce, "Nadi dai ba za su karɓa ba. Gida uku ce."

Sai Yaya ta yi magana, karo na farko tun safe. Ta ce, "Tun da yaron nan ya fara nake jin iskar jirginmu. Haka take yi a jikin tufar jirgi, ta cika ta saki. Mu ma da muka taso daga wancan gaɓar, iska ta ɗauke mana a tsakiyar ruwa, jirgi ya tsaya cak. Baba ya ja mutane salla a kan buhunan dawa, ina riƙe da zanen Gwaggo. Aka jima iska ta dawo, muka ci gaba." Ta gyara mayafinta. "To wa zai ce ban iso Makka ba? Ga ni nan."

Kaftin bai sa sunan Azzuz a jerin nasu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya dai aiko masa da gaisuwa da kwalin dabino. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, wadda ita ce ta ƙarshe gare ni a can, aka kawo shinkafa faranti ɗaya. Yaya ta miƙa hannu ta laluba gefensa, ta ci karo da hannun Siraju, ta matsa kaɗan ta ci karo da na Azzuz. Ta ce a ƙaro mata nama.

Wannan shi ne abin da ya kai rawanina ɗakin 'yan motsa jiki. Babin jinga da na lamuni kuwa, yadda na tafi da su haka na komo da su, ko buɗe su ban yi ba. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya bar zumunci a tsakanin zuriyarmu ta nan da ta can, Ya sa idan allonmu ya dushe a same mu a sahu.